Birnin da ke Cikin Hannun Arzika

Akwai birni a cikin hannun kowane ɗan Adam, da sarakunansa da kogunansa da masu gadinsa. Amma mutum ɗaya na sani da ta taɓa shiga ta fito, ita ce Yalwa ta Kwarin Goriba, garin da kaba ta fi mutane yawa.

Yalwa 'yar gyartai ce, jikar gyartai. Ubanta bai haifi namiji ba, sai ya miƙa mata basilla da zaren kaba ya koya mata ɗinkin ƙwarya. Ƙwaryar da ta rabe gida uku, in ta shiga hannunta, sai ta koma awon hatsi kamar ba ta taɓa faɗuwa ba.

Mijinta makaho ne mai tufkar igiya, sunansa Arzika. Ni na faɗa muku, don in kun tsaya jiran Yalwa ta faɗa, za ku tsufa a nan. Shekara talatin da takwas suna tare, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, saboda kunya irin ta matan da. Malam take ce masa. Da maƙwabta suka haifi ɗa suka sa masa sunan, sai ta laƙaba wa jaririn Mai Sunan Malam, ta huta.

Shi kuwa hannun damansa ne idonsa. Kullum da safe in ta kawo masa kunu, sai ya ɗora yatsunsa a fuskarta, ya bi goshi, ya gangaro kumatu, ya ce, "Mai basilla, yau kin tashi lafiya." Ko kuma ya ce, "Yau da abin da ke cin ki, faɗa mini." Bai taɓa yin kuskure ba.

Ran nan yana yankan kaba, lauje ya zame ya sare shi a wuyan hannun dama, sara mai zurfi. Aka kai shi asibiti aka ɗinke. Ciwo ya warke, tabo ya kwanta, amma yatsu suka mutu. Ya taɓa garwashi bai ji ba, ya tsoma su a randa bai ji ba. Tufka ta gagara. Da safe Yalwa ta kamo hannunsa na hagu za ta kai fuskarta, sai ya janye.

"Haba, Mai basilla," ya ce. "Fuskarki da hagu? Allah ya sawwaƙe."

Wata huɗu aka yi a haka. Ya daina barkwanci, ya daina tambayar me aka dafa. Wata rana ta ji shi yana cewa a hankali, "Da can a bakin mutane nake makaho. Yanzu ne na makance." Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, don ta gane mijinta yana sakin duniya kaɗan kaɗan.

Wata Laraba da hantsi, Arzika na barci a ƙarƙashin rumfa, sai ga sallama. Wata tsohuwa ce, tsawonta bai wuce tabarya ba, kuma rana na dukanta amma ba ta da inuwa. Yalwa ta lura, ta yi bismilla a zuci, ta shimfiɗa mata tabarma. Tsohuwar ta fito da wata ƙwarya fara sol, mai tsaga daga baki har gindi.

"Gyartai bakwai sun gwada," in ji ta. "Duk wanda ya ja zare, sai ta ƙara tsagewa."

Yalwa ta juya ƙwaryar, ta ƙwanƙwasa ta da farce tana saurare. Ta ce, "Ai matse ta suka yi, Inna. Ƙwarya ba ta son ƙarfi. Sai a huda mata hanya tukuna, sannan zare ya bi a hankali." Ta sa basilla a wuta, ta huda, ta ɗinke, tsaga ta haɗe baki.

Tsohuwar ta miƙe, muryarta ta sauya. "Ya ke 'yar Adam, ni ce Magajiyar masu gina jiki. Faɗi ladanki."

Yalwa ba ta tsaya tunani ba. "Hannun Malam."

"Waraka ta Allah ce, ba tawa ba. Abin da nake da iko da shi ƙofa ce." Magajiya ta cika ƙwaryar da ruwa, ta ajiye kusa da mai barcin. "Ruwan nan zai riƙa ɗiga ta ɗinkinki. In ya ƙare kina ciki, kin zama 'yar gari, ba fitowa. Kin yarda?"

"Na yarda."

Magajiya ta yayyafa mata ruwan a ka. Rumfa ta yi sama, tabarma ta zama daji, Yalwa ta ji iska ta ɗauke ta da basillarta da zarenta, ta dire ta a tsakiyar tafin hannun mijinta.

Fili ne fetal, da kwaruruka uku masu zurfi. Da ta duba ƙarƙashin ƙafarta, sai ta ga ashe ba ƙasa take takawa ba. Mutane ne faffaɗa, kwance kafaɗa da kafaɗa, ba inda allura za ta shiga tsakaninsu. Wasu a kan wasu suke, jarirai a can ƙasa suna turowa sama, tsofaffi a bisa sun bushe, iska na kwashe su ɗaya bayan ɗaya suna murmushi. Wani babba a cikinsu ya ɗago kai.

"Tsaya nan, baƙuwa. Mu ne Masu Shimfiɗa. Mu ne fata a waje, danginmu ne suka shimfiɗe cikin baki da hanji da huhu. Ba abin da ke shiga ƙasar nan sai da saninmu. Wace ce ke?"

"Ranka ya daɗe, matar mai ƙasar ce."

"Kowa ma ya faɗa. Ƙaya ma haka take cewa. Kawo shaida."

Daga nesa Yalwa ta ji ɗis, kamar an buga ganga, ɗigon farko ya faɗi ke nan. Sai ta durƙusa ta kifa kumatunta a kansu, yadda ta saba yi kowace safiya. Can wata tsohuwa da iska ke shirin ɗauka ta yi ƙara.

"Ita ce! Ga ɗan ramin nan na kumatun hagu, ga tabon goshi! Ita ce Fuskar Safiya!"

Babban ya sunkuyar da kai. "Ki gafarce mu, uwar ɗakinmu. Mu ba ma wuce wata guda a duniya. Kakanninmu sun bar mana wasiyya cewa akwai wata fuska da ke zuwa kowace safiya da ƙamshin kunu. Zuriya huɗu ke nan ba wanda ya gan ta, har yaranmu sun fara cewa tatsuniya ce."

Yalwa ta share ido da bakin zane. Suka matsa suka buɗe mata rijiyar gumi, ta zura ƙafa ta sulale ƙasa.

Ta faɗa cikin wani jan kogi mai ɗumi, mai gudu yana tsayawa, yana gudu yana tsayawa. Jiragen ruwa ja, masu siffar faifai, sun cika shi, kowanne ɗauke da lodin iska. Ta kama ɗaya ta haye. Ba ta gama zama ba sai ga wasu dogarai farare, ba su da ƙashi ba su da fuska, suna miƙo jiki ta ko'ina, aikinsu haɗiye baƙo. Na farko ya kawo mata cafka, ta jefa masa takalminta, ya tsaya haɗiya. Na biyu ta ba shi ɗayan. Na uku ya fi su naci, sai da ta cire ɗankwalinta ta wurga masa. Haka matar da ko maƙwabta ba su taɓa ganin kitsonta ba ta shiga gari kai ba ɗankwali, ƙafa ba takalmi.

Jirgin ya ajiye ta a gindin tudun babban yatsa. A nan ta tarar da wasu ƙarti jajaye masu ratsi-ratsi a jiki, kwance a jere, duk sun rame, fatar ƙwanjinsu ta saki. Shugabansu ya yunƙura zai tashi don girmamawa, ya kasa.

"Sannu da zuwa, 'yar Adam. Ni ne Barden Majaya, waɗanda kuke kira tsoka. Mu gida uku ne. Akwai 'yan uwanmu na zuciya, da ba su taɓa hutawa ba tun mai ƙasar yana cikin uwarsa. Akwai masu shiru na hanji, da ke aikinsu ba wanda ya sa su. Sai mu masu jiran umarni. Mu ne muka tufka kowace igiya da ta fita daga gidanku. Amma wata huɗu ke nan ɗan saƙo ko ɗaya bai zo ya ce mu ja ba, mu kuwa zaman banza ne ajalinmu."

"Me ya hana su zuwa?"

"Katanga. Ranar da lauje ya raba ƙasa, Masu Ɗauri suka yi gayya suka toshe ɓarakar a wuyan hannu. Sun ceci ƙasa, amma sun gina a kan hanyar 'Yan Saƙo."

Yalwa ta dubi basillarta, ta yi ajiyar zuciya. "Da ina da wuta, da na san abin yi. Basilla mai sanyi fasawa take, ba ta huda."

Barde ya juya ga mutanensa. "Ku taso. Abu ɗaya ya rage da muke iya yi ba da umarni ba." Suka kewaye basillar, suka rungume ta, suka shiga karkarwa da ɗan ƙarfin da ya saura musu. Zafi ya taso daga jikinsu har ƙarfen ya yi ja. Da suka sake ta, rabinsu suka zube a sume.

"Yi sauri kafin ta huce," in ji Barde. "Ki gaya musu muna nan, ba mu mutu ba tukuna."

Ta kama gudu. Ɗis. Ɗis. Hanya ta tsuke ta zama rami, wasu fararen igiyoyi masu kaurin kuka suna zarya a cikinsa, suna gogar juna. Wanda ya shiga tsakaninsu a kan kuskure, niƙa ce. Yalwa ta tsaya ta saurara, sai ta gane da numfashin Malam suke motsi, numfashin da ta fi kowa sani. In ya ja, su matse. In ya sauke, su saki. Ta bi saukewa uku ta wuce, gefen zanenta kawai suka tsinke.

Sai ga katanga, fara, daga ƙasa har sama, zare a kan zare an cukurkuɗe ba kai ba gindi. A gabanta wani dattijo ƙaƙƙarfa yana zaune a kan kujerar ƙashi, rawaninsa na jijiya.

"Ni ne Sarkin Ɗauri," ya ce. "Ƙashi nawa ne, guringuntsi nawa ne, kitse rumbuna ne, kogin da ya kawo ki ma ɗan gidana ne. Ba don mu ba, da kowa a ƙasar nan ya watse. Dubi aikin kwana goma. Kin taɓa ganin ɗinki irin wannan?"

Yalwa ta durƙusa, don ta san mai sana'a ba a fara masa da gyara. "Ranka ya daɗe, ban taɓa gani ba. Ba don katangar nan ba, da yanzu na gama takaba. Allah ya saka muku." Sarki ya gyara zama, ya ji daɗi. Ta ci gaba, "Sai dai kun matse. Tsoro ya sa kun ja zare da ƙarfi, har kun rufe hanyar da ba taku ba."

Fuskarsa ta murtuke. "So kike ki rushe, jini ya ɓalle?"

"Ba rushewa zan yi ba. Huda ɗaya, daidai wucewar zare."

"In ta tsage fa?"

"Ku ɗaure ni a gurbin."

"Kin faɗa da bakinki, 'yar Adam. Bismilla."

Ta bi katangar tana ƙwanƙwasawa da farce, kunnenta a jiki, kamar yadda ubanta ya koya mata. Nan kauri, nan kauri, nan ma kauri. Basilla na ta hucewa, jan ya fara komawa baƙi, amma ba ta yi gaggawa ba. Can ƙasa, kusa da gwiwarta, ta ji sauti ya sauya. Ta kafa tsinin, ta murza a hankali, ta ja baya, ta sake murzawa. Hayaƙi ya tashi siriri. Basilla ta faɗa ta wancan gefe, katanga ko gezau ba ta yi ba. Sarkin Ɗauri ya taso ya duba hudar, ya shafa bakinta, ya koma ya zauna, ya sa an kawo mata tabarma.

Ta leƙa ta ramin. A can gefe wani haske ne fari-fari, ya dunƙule kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, yana tartsatsi yana kuka. Daga cikinsa wata doguwar mace ta miƙe, siririya, gashinta ya yi rassa, hannunta ɗaya ya miƙe baya har inda ido ba ya kaiwa.

"Wa ya buɗe?" in ji ta. "Ni ce Jakadiyar 'Yan Saƙo. Daga kai muke ɗauko umarni, daga yatsu muke kai labarin zafi da sanyi da laushi. Wata huɗu muna dukan katangar nan har muka nannaɗe a kan junanmu. Mun manta gabas, mun manta yamma, mun manta wanda muke yi wa aiki."

Yalwa ta zura zaren kabarta ta cikin ramin. "Ranki ya daɗe, ku biyo wannan. Majaya na can suna jira, ba su mutu ba tukuna."

"Ba ma bin zaren baƙo. Kira mana mai ƙasar, mu ji ko za mu tuna."

"Malam," in ji Yalwa.

Hasken bai motsa ba. "Malamai nawa ne a duniya?"

"Maigida. Mai igiya na Kwarin Goriba."

"Wannan aikinsa ne da mazauninsa. Muna son sunan da aka raɗa masa ranar da aka yanka rago, wanda uwarsa ke kiransa da shi in ya yi nisa."

Yalwa ta kai hannu za ta ja ɗankwali ta rufe fuska, babu ɗankwali. Ta waiga, ga Sarkin Ɗauri da jama'arsa sun zuba mata ido. Kada ku yi mata dariya. Kogi da dogarai da igiyoyi masu niƙa duk ba su kai wannan nauyi a wurinta ba. Uwarta ta mutu ba ta faɗi sunan ubanta ba, kakarta ma haka. Kuma ita a ganinta rashin faɗin nan shi ne girman da take ba shi, shi ne abin da take ajiye masa tun tana amarya.

Ɗis. Aka daɗe. Sannan ɗis, ƙarami, irin na ƙwaryar da ta kusa bushewa.

Ta tuna shi zaune a rumfa, hannu a cinya kamar kayan aro. Sai ta durƙusa, ta kafa bakinta a ramin, ta rufe ido. Ta faɗa a hankali, yadda ake hura wutar da ta kusa mutuwa.

"Arzika."

Ƙasa ta girgiza. Hasken ya warware, sunan ya bi dogon hannun Jakadiya ya haura, ya dawo da amsa. Wani ɗan siririn haske ya zuro kai cikin ramin, ya taɓa zaren kaba, ya kama. Hannun Yalwa ya yi ƙaiƙayin ja, amma ta riƙe kanta, ta bar shi ya biyo da kansa.

"Mun tuna," in ji Jakadiya. "Amma ki sani, 'yar Adam, tafiyarmu tsawon ƙwayar gero ce a yini. Kada ki gaggauta mu. Ki riƙa motsa masa yatsu, kada Majaya su mutu kafin mu iso. Yanzu gudu, ruwanki ya kusa ƙarewa."

Sarkin Ɗauri da kansa ya tsayar da jirgi, ya daka wa dogarai tsawa. Kogi ya kwashe ta, Masu Shimfiɗa suka miƙa ta hannu zuwa hannu har bakin rijiya. Ta buɗe ido a kan tabarmarta, ƙafa ba takalmi, kai ba ɗankwali. Tsohuwa ta tafi. A gindin farar ƙwarya ɗigo ɗaya ne ya rage, yana lilo a bakin ɗinki.

Arzika ya farka, ya juya kai yana saurare kamar mai neman wani.

Tun daga ranar, kowace safiya sai ta shafa masa man kaɗe, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sa masa ramar tufka a tafi ta dunƙule masa hannu a kai. Sannan ta ɗaga hannun ta ɗora a fuskarta, ko da ba ya ji. Yakan ce, "Kina wahalar da kanki." Ita kuwa ta ce, "Akwai masu jira na." Ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta. Kowace rana takan jefa ƙwayar gero ɗaya a farar ƙwarya. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, gero ya yi kai, aka girbe. Babban yatsa ya fara motsi, rama ta fara murɗuwa, amma ji bai zo ba.

Wata safiya bayan kaka ta ajiye kunu, ta ɗora hannun a fuskarta kamar kullum. Tana shirin saukewa sai ta ji yatsun sun ƙi sauka. Suka hau goshi da kansu. Suka gangaro kumatu, suka tsaya a ɗan ramin nan na hagu.

"Mai basilla," ya ce. "Kin rame. Ga wani sabon layi nan a gefen ido, ban san shi ba." Ya shafa gefen idon. "Kuma kuka kike."

"Hayaƙi ne, Malam."

"Hayaƙi." Ya yi dariya, irin wadda gidan ya yi kusan shekara bai ji ba. "Ranar nan da na yi barcin hantsi, na ji an kira ni da sunana daga cikin hannun nan. Tun rasuwar uwata ba wanda ya kira shi da daɗi haka. Muryar kuwa na san ta."

Yalwa ta sunkuyar da kai, amma tafinsa na riƙe da kumatunta, ba wurin ɓuya. "Kununka zai huce."

"Sake faɗa, sau ɗaya."

"Shekara talatin da takwas ka jira ka ji na farko," in ji ta. "Sai ka jira wasu talatin da takwas ɗin."

"Zan jira," ya ce.

Bai ɗauke hannunsa ba, ita ma ba ta matsa ba, kunu kuwa ya huce a inda ta ajiye shi.